Limoniya: allurar da yara ke samu kyauta, manya kuma sai sun nema

Daga watan Nuwamba zuwa Maris, lokacin da iskar hunturu ke kwaso ƙura daga Sahara ta lulluɓe Agadas, Damagaram, Maradi da Kano, asibitoci kan cika da masu tari da zazzaɓi da ciwon ƙirji. Yawancin faɗakarwar da ake yi a rediyo a wannan lokaci kan yara ce, kuma da dalili, domin limoniya, wadda wasu ke kira sanyin haƙarƙari, tana sahun gaba cikin cututtukan da ke kashe ƴan ƙasa da shekara 5. Sai dai a ɗakunan kwanciya na manya ma akwai dattawa da masu ciwon suga da masu sikila da ke fama da wannan ciwo, kuma da yawansu ba su taɓa jin cewa akwai allurar rigakafinsa da ake yi wa babban mutum ba.

Ƙiyasin shekarar 2019 ya nuna cewa limoniya ta kashe mutum kusan miliyan 2.5 a duniya. Yara ƴan ƙasa da shekara 5 sun kai kimanin 700,000 a cikinsu, amma waɗanda suka haura shekara 70 sun zarce miliyan 1. Ciwo ne da ke kama farkon rayuwa da ƙarshenta, sannan ya tsinci na tsakiya waɗanda wata larura ta raunana.

A Nijar, Najeriya, Kamaru, Cadi da Ghana, allurar tana cikin jadawalin rigakafin yara da ake yi kyauta. Ta manya kuwa ba ta ciki. Wanda ke buƙatarta sai ya san da ita, ya nemi likita ya rubuta masa, sannan ya biya da aljihunsa.

Ƙwayar da ke zaune a hanci

Limoniya kumburin huhu ne. Ƙananan jakunkunan da iska ke shiga a cikin huhu sukan cika da ruwa ko mugunya, sai numfashi ya yi wuya, jini ya kasa samun isasshiyar iskar oksijin. Ƙwayoyin cuta iri-iri ne ke haddasa hakan, wasu bairus ne irin na mura mai tsanani da na korona, wasu kuma bakteriya. A cikin bakteriyar, wadda ta fi yin ɓarna ita ce numokok, wadda masana ke kira Streptococcus pneumoniae. Louis Pasteur a Faransa da George Sternberg a Amurka ne suka gano ta, kowa a nasa ɓangaren, a shekarar 1881.

Numokok ba baƙuwa ba ce. Tana zaune a can cikin hanci da maƙogwaron mutane masu ƙoshin lafiya, musamman ƙananan yara, ba tare da ta sa su ciwo ba. Daga nan take yaɗuwa ta hanyar tari da atishawa da majina. Jikan da ke hawa cinyar kakarsa yana iya ba ta ƙwayar alhali shi ko zazzaɓi bai yi ba. Matsala tana farawa ne idan ƙwayar ta sami hanyar sauka cikin huhu, ko ta shiga jini, ko ta kai ga rufin ƙwaƙwalwa ta haddasa sanƙarau.

Mutane da dama na ɗora laifin a kan shan ruwan sanyi, kwana ƙarƙashin fanka ko wankan asuba. Sanyi shi kaɗai ba ya haifar da ciwon, sai da ƙwayar cuta. Amma masu danganta ciwon da lokacin hunturu ba su yi kuskure ba. Busasshiyar iska da ƙura suna raunata fatar cikin hanci da maƙogwaro, mutane kan cunkushe a ɗaki ɗaya a rufe ƙofa da taga, a kunna gawayi ko itace, ga kuma mura da ke yawo tana buɗe wa numokok ƙofa. Wani bincike da aka wallafa a 2017, wanda ya yi amfani da bayanan yankin Yamai, ya nuna alaƙa tsakanin yawan ƙura a iska da tsananin zafi da kuma ƙaruwar masu kamuwa da sanƙarau na bakteriya.

Abin da ya sa yin rigakafin numokok ya yi wuya shi ne rigar da take sanye da ita. Kowace ƙwaya tana lulluɓe da wani ɓawo na sinadarin sukari da ke ɓoye ta daga garkuwar jiki, kuma wannan riga ta kasu fiye da kala 90. Masana sun ba kowace kala lamba: nau'i na 1, na 3, na 5, na 19A da sauransu. Jikin da ya koyi gane riga ɗaya ba lallai ne ya gane wata ba. Lambar da ake gani a jikin kwalin allura, 10 ko 13 ko 20 ko 23, adadin rigunan da allurar ke koya wa jiki ganewa ne.

A kan manya aka fara

Ko da yake yau an fi sanin allurar da jarirai, a kan manyan maza aka fara gwada ta, kuma a Afirka. A farkon ƙarni na 20 limoniya tana kashe leburorin da ake kwasowa daga ƙauyuka zuwa ramukan zinariya na Afirka ta Kudu, inda suke kwana a cunkushe suna shaƙar ƙurar dutse. Masu kamfanonin, waɗanda asarar ma'aikata ta dama, suka gayyato likitan Ingila Almroth Wright, ya fara gwajin rigakafi a kansu a 1911. Sakamakon bai gamsar ba, kuma da aka samu penisilin a shekarun 1940 sai aka yi watsi da batun, ana ganin magani ya wadatar.

Likitan Amurka Robert Austrian ne ya nuna cewa ko da penisilin, mutane da yawa suna mutuwa a kwanakin farko na ciwon idan ƙwayar ta riga ta shiga jini. Ya koma wurin masu haƙar zinariya na Afirka ta Kudu a shekarun 1970 ya sake gwaji, wannan karo aka dace. Amurka ta amince da allura mai nau'i 14 a 1977, sannan mai nau'i 23 a 1983. Wannan ta biyun, Pneumovax 23, har yanzu ana sayar da ita.

Wannan tarihi ba nesa yake da yankin ba. Dubban matasa daga Nijar, Cadi, Sudan da Najeriya suna aikin zinariya a Djado da Tchibarakaten da Komabangou, suna niƙa dutse ba abin rufe hanci, suna kwana a rumfuna da yawansu. Ƙurar dutse tana lalata huhu sannu a hankali, huhun da ya lalace kuma ya fi saurin karɓar tarin fuka da limoniya.

Allura iri biyu, aiki iri biyu

Tsohuwar allurar mai nau'i 23 sukarin rigar ƙwayar ne kawai aka tace aka zuba. Tana da faɗi, amma tana da rauni uku. Ba ta aiki a jikin yaron da bai kai shekara 2 ba, kariyarta tana raguwa bayan ƴan shekaru, kuma ba ta hana ƙwayar zama a hanci, don haka ba ta katse yaɗuwarta. Ta fi amfani wajen hana ciwon da ya shiga jini fiye da hana limoniyar da ta tsaya a huhu.

Sabuwar dabara ita ce ɗaure sukarin da wani furotin, abin da ke sa garkuwar jiki ta riƙe darasin na tsawon lokaci. Irin waɗannan su ake kira PCV. Ta farko, mai nau'i 7, ta fito a Amurka a shekarar 2000. Mai nau'i 13 ta biyo baya a 2010, masu 15 da 20 a 2021, sai mai 21 a 2024, wadda aka tsara domin manya kaɗai.

Bambancin nan ba na takarda ba ne, an gan shi a jikin mutane. A Entebbe ta Uganda an gwada mai nau'i 23 a kan manya masu ɗauke da ƙwayar cutar sida, sakamakon da aka fitar a 2000 ya nuna ba ta kare su ba. Shekara goma bayan haka, a Blantyre ta Malawi, aka gwada PCV mai nau'i 7 a kan manyan da suka taɓa kwanciya da numokok, akasarinsu masu sida, ta rage sake kamuwa da nau'o'in da ta ƙunsa da kashi 74 cikin 100.

Gwaji mafi girma a kan tsofaffi an yi shi ne a Holan tsakanin 2008 da 2013, da mutum kusan 85,000 masu shekara 65 zuwa sama. PCV13 ta rage limoniyar da nau'o'inta ke haddasawa da kimanin kashi 45 cikin 100, ta kuma rage ciwon da ke shiga jini ko ƙwaƙwalwa da kashi 75. Kashi 45 ba cikakkiyar kariya ba ce, kuma duk wanda ya tallata allurar a matsayin mai hana kowane irin ciwon ƙirji ya yi ƙari. Amma ga dattijon da kwanciya ɗaya a asibiti kan iya zama ta ƙarshe, ko ta cinye kuɗin hatsin shekara, rage haɗari da kusan rabi ba abin rainawa ba ne.

Da irin waɗannan hujjoji ne Ingila take ba duk wanda ya kai shekara 65 allurar. Amurka ta sauke shekarun zuwa 50 a watan Oktoban 2024. Faransa, wadda a da take ba masu wata larura kaɗai, ta faɗaɗa ta zuwa duk mai shekara 65 a 2025.

Dalilin da ya sa aka fara da yara

Gambiya ce ta ba da hujjar da ta buɗe wa Afirka ƙofa. Gwajin da aka yi a can kan yara kimanin 17,000, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2005, ya nuna allurar ta rage limoniyar da hoton ƙirji ya tabbatar da kashi 37 cikin 100, ta rage mutuwar yara gaba ɗaya da kashi 16. Da tallafin ƙawancen Gavi, Gambiya da Ruwanda suka shigar da ita jadawalinsu a 2009. Kamaru, Mali da Benin suka bi a 2011, Ghana a 2012, Burkina Faso da Sudan a 2013, Nijar a 2014, Najeriya kuma ta fara da wasu jihohi a ƙarshen wannan shekara kafin ta game ƙasa. Cadi ta daɗe tana jira, sai a Oktoban 2024 ta shigar da ita tare da ta zazzaɓin cizon sauro da ta gudawar rota. A Nijar da Najeriya ana yi wa jariri ita yana da sati 6, da 10, da 14.

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta faɗi matsayinta kan tsofaffi a 2021: ƙasa ta fara tabbatar da cewa allurar yara ta kai ko'ina kafin ta buɗe shirin manya. Lissafin a fili yake. A Nijar kusan rabin jama'a ba su kai shekara 15 ba, waɗanda suka kai 65 kuma ba su cika kashi 3 cikin 100 ba. Ga kuma farashi. A 2020, ta hanyar Gavi an sayi allurar yara a kan kimanin dala 2 zuwa 3, kuma Pneumosil ta kamfanin Serum Institute na Indiya, wadda OMS ta amince da ingancinta a Disamban 2019, ita ce ta shigo a kan dala 2. Allurar manya mai nau'i 20 kuwa ta haura dala 200 a kasuwar Amurka. Wannan sassauci na Gavi na yara ne, bai shafi kakanninsu ba.

Akwai kuma wani dalili da ya fi kuɗi ƙarfi. Tunda yara ne rumbun ƙwayar, kuma PCV tana rage zamanta a hanci, yi wa yara allura yana kare manyan gidan. An ga haka a Afirka ta Kudu, inda bayan ƴan shekaru da fara yi wa jarirai, ciwon da nau'o'in allurar ke haddasawa ya ragu da fiye da rabi a tsakanin masu shekara 25 zuwa 44 waɗanda ba a taɓa yi musu ba. Ke nan uwar da ta kai jaririnta cibiyar CSI sau uku ta yi wa surukarta rigakafi ba tare da ta sani ba. A gidan da ba a iya sayen allurar manya, cika katin rigakafin yara shi ne kariya mafi arha da tsofaffin gidan za su samu.

Inda inuwar yara ba ta kai ba

Sai dai wannan inuwa tana da iyaka, kuma a yankin Sahel iyakar tana da suna: nau'i na 1. Ƙasashe 26 daga Senegal zuwa Habasha suna cikin abin da ake kira zirin sanƙarau, kuma a nan numokok tana yin abin da ba ta cika yi a Turai ba. Tana tashi da rani tare da ƙura, tana haddasa sanƙarau, kuma tana kama manyan yara da matasa da magidanta, ba jarirai kaɗai ba. Nau'i na 1 ba ya daɗewa a hancin yara kamar sauran, don haka rigakafin jarirai bai cika katse masa hanya ba.

Ghana ta ga haka a ƙarshen 2015 zuwa farkon 2016, shekara uku da ƴan watanni bayan ta fara yi wa jarirai PCV13. Annobar sanƙarau ta ɓarke a yankin Brong-Ahafo, gwaji ya nuna numokok ce, akasari nau'i na 1, kuma yawancin waɗanda suka kamu sun haura shekara 5. A Burkina Faso ma masu sa ido sun ga ciwon ya ragu ƙwarai a tsakanin ƙananan yara bayan 2013, amma nau'i na 1 ya ci gaba da kama waɗanda suka girme su. Sanƙarau na numokok ya fi na meningokok kisa. Binciken da aka yi a Burkina Faso da Togo ya sami mutuwar fiye da kashi 40 cikin 100 na waɗanda suka kamu, kuma da yawa cikin waɗanda suka tsira sun rasa ji ko sun sami wata naƙasa.

A nan ne ruɗani yake yawan shigowa. Mutumin da aka yi wa allurar sanƙarau a kamfe yakan ɗauka ya gama da duk wani sanƙarau. MenAfriVac, wadda aka fara a Burkina Faso, Mali da Nijar a 2010 ga masu shekara 1 zuwa 29, meningokok nau'in A take hanawa. Men5CV, wadda Najeriya ta fara amfani da ita a 2024, Nijar ta bi bayanta a shekarar, tana hana nau'o'in meningokok guda biyar. Babu ɗayansu da ke taɓa numokok. Ƙwayoyi biyu ne daban masu haddasa ciwo mai kama ɗaya, kuma sai an gwada ruwan ƙashin baya, irin aikin da cibiyar CERMES ke yi a Yamai, ake rarrabe su.

Su wa ya fi kamata su nema

Shekaru su ne ma'auni na farko. Daga 60 zuwa sama garkuwar jiki tana yin sanyi, tari ba ya da ƙarfin fitar da majina, kuma sau da yawa akwai wata larura a gefe. To amma a wannan yanki, wanda ya fi kowa buƙata yana iya zama ɗan shekara 25.

Masu sikila, ko emasi kamar yadda ake cewa a Nijar, su ne a gaba. Saifa ita ce matatar da ke cafke ƙwayoyi masu riga irin numokok daga cikin jini, sikila kuma tana lalata ta tun ana ƙuruciya. Mai sikila yana iya tashi lafiya da safe, kafin dare ƙwayar ta mamaye jininsa. A Najeriya kaɗai ana haifar jarirai kimanin 150,000 masu wannan larura kowace shekara, kuma waɗanda aka haifa kafin 2014 ba su sami PCV a jadawalin yara ba. Su ne samari da ƴanmatan yau. Cibiyar kula da masu emasi ta ƙasa da ke Yamai, da ɗakunan masu sikila a manyan asibitocin koyarwa, su ne wuraren da ya dace a fara yin tambayar. Haka abin yake ga duk wanda aka cire wa saifa bayan haɗarin mota ko babur, ko da ya warke sarai.

Sai masu ɗauke da ƙwayar sida, waɗanda haɗarin shigar numokok cikin jininsu ya ninka na sauran mutane sau da yawa. Shan maganin rage ƙarfin ƙwayar yana sauke haɗarin, amma ba ya share shi. Sai masu ciwon suga, ciwon zuciya, ciwon ƙoda, ciwon hanta, asma mai tsanani, masu shan maganin kansa, da waɗanda tarin fuka ya bar wa tabo a huhu. Masu shan taba da masu yawan shan barasa suna ciki. Matan da suka shafe shekara 30 suna girki da itace a madafa marar taga suna iya samun huhu irin na mashayin taba ba tare da sun taɓa riƙe kara ɗaya ba. A Ingila har masu walda ana ba su shawarar yin allurar, saboda hayaƙin ƙarfe yana ƙara haɗarin limoniya.

Maniyyata aikin hajji suna da nasu matsayi. Saudiyya tana wajabta allurar sanƙarau ta ACWY, da ta shawara da ta shan inna ga masu zuwa daga wasu ƙasashe, kuma su ne ake dubawa a kati. Ta numokok ba ta cikin waɗanda ake tare mutum a kansu, shi ya sa ba a cika ambatonta a wurin bita ba. Alhali limoniya tana cikin manyan dalilan kwantar da alhazai a asibitocin Makka da Mina, kuma yawancin maniyyatan yankin dattawa ne da suka daɗe suna tara kuɗin kujera. Jiki yana buƙatar sati 2 zuwa 3 kafin ya gina kariya, don haka allurar da aka yi ana jibi tashi ba ta da amfanin wadda aka yi tun da wata guda.

Lamba mafi girma ba ita ce mafi dacewa ba

Wanda ya samu PCV20, da ake sayarwa da sunan Prevenar 20, allura ɗaya ta wadatar. Idan PCV13 ko PCV15 aka samu, likitoci kan bi ta da mai nau'i 23, bayan aƙalla sati 8 ga masu raunin garkuwa, ko bayan shekara ɗaya ga sauran. Tsarin yana da muhimmanci: PCV ce ke fara shiga. Wanda aka riga aka yi wa mai nau'i 23 a baya yakan jira shekara guda kafin a yi masa PCV.

Akwai wani abin lura da ya shafi Sahel kai tsaye. Sabuwar allurar nan mai nau'i 21, Capvaxive, an zaɓi nau'o'inta ne bisa ciwon da ya rage a tsakanin tsofaffin Amurka bayan shekara 20 ana yi wa yaransu rigakafi. Ba ta ƙunshi nau'i na 1 ba, ba ta ƙunshi na 5 ba. PCV13, PCV15, PCV20 da tsohuwar mai nau'i 23 duk sun ƙunshe su. Ɗan da ke zaune a Turai ko Amurka wanda ke son taimakon mahaifinsa a Tawa ko Garwa yana iya ɗauka sabuwa ita ce mafi kyau, alhali ta bar nau'in da ya fi addabar garin mahaifin.

Illolin allurar ba su da yawa: ciwo ko kumburi a dantse, kasala, ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu. Babu ƙwaya mai rai a cikinta, don haka ba za ta iya sa wa mutum limoniya ba. Wanda ke cikin zazzaɓi mai zafi yakan jira ya warke, wanda kuma jikinsa ya taɓa yin mummunan bore ga irinta ba a sake yi masa. Ana iya yin ta rana ɗaya da allurar mura, kowace a hannu daban.

Inda aka saye ta ya kai muhimmancin wadda aka saya. Allurar tana buƙatar sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8 tun daga masana'anta har zuwa dantse, kuma daskarewa tana lalata ta kamar yadda zafi ke yi. A garin da wuta ke ɗaukewa ana zafin digiri 43, kwalbar da ta yi yini a aljihu ko a akwatin babur ta zama abin shakka. Nijar ta san illar jabu: a lokacin annobar sanƙarau ta 2015, sa'ad da jama'a ke rububin neman allura, OMS ta fitar da gargaɗi kan jabun alluran sanƙarau da aka gano suna yawo a ƙasar, aka kuma sake ganin irinsu a 2019. Abin da ya yi tsada kuma ya yi wuyar samu shi ne abincin masu jabu. Kantin magani mai lasisi da firiji mai aiki, takardar likita, da ma'aikacin lafiyar da zai rubuta sunan allurar da lambar kwalinta da kwanan wata a kati, su ne abin da mai saye zai tsaya a kai.

Bayan allura

Wanda aka yi wa allurar yana iya yin limoniya daga wata ƙwaya ko wani nau'in da ba ya cikin kwalbar. Alamun da aka saba gani su ne zazzaɓi da rawar ɗari, tari mai majina wadda wani lokaci takan yi launin tsatsa, sukar haƙarƙari idan an ja numfashi, da haki. A jikin tsoho kuwa ciwon yakan zo a ɓoye. Zazzaɓin yana iya ƙin fitowa, sai dai a ga dattijo ya daina cin abinci, yana yawan barci, yana rikita sunayen jikokinsa, ko ya faɗi a hanyar masallaci. Iyalai kan ce tsufa ne, ko a kira wanzami ya yi ƙaho a haƙarƙari, ko a sayo ƴan ƙwayoyin amoksisilin guda huɗu a wurin mai talla. Kwana biyu ko uku da ake ɓatawa a haka su ne kwanakin da magani ya fi yin tasiri a cikinsu, guntun magani kuma yana koya wa ƙwayar jure shi.

Numfashin da ya kai sau 30 a minti ɗaya ga babban mutum, leɓe ko farce da ya sauya launi, ruɗewa, ko sanƙarewar wuya tare da zazzaɓi, duk na zuwa asibiti ne a ranar, kuma gara wanda ke da oksijin. Tarin da ya wuce sati 2, musamman da rama da zufar dare, na gwajin tarin fuka ne, wanda maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati na ƙasashen yankin, kuma allurar numokok ba ta da aiki a kansa.